Yaya ake rubuta gidan da 'yarsu mai shekara 15 ke fama da sikila, ba tare da kowane babi ya zama kuka ba?

'YarTawada:

Assalamu alaikum, yayyena marubuta da masu karatu. Ina rubuta labarin matasa, irin wanda 'yan shekara 13 zuwa 18 za su karanta a waya. Jarumar sunanta Jidda, shekararta 15, tana ajin farko na babbar sakandare, kuma tana da sikila. Ita ce 'yar fari, da ƙanne uku a bayanta. Babanta ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, mamanta tana ɗinki a gida.

Na kai babi na 9 sai na ga duk inda ciwon ya tashi abu ɗaya nake maimaitawa: a kwashe ta sai asibiti, Mama ta yi kuka, Baba ya yi tagumi, likita ya cire tabarau ya ce sai addu'a. Littattafan matasa na Amurka da Ingila suna nuna iyalin mara lafiya sosai, amma yawanci kansa, wato ciwon daji, ce cutar, kuma gidajensu ba irin namu ba ne. Don Allah me ke faruwa a gida daga tashin ciwo zuwa sallama, kuma wa ke yin me? Sannan na tsara a babi na 20 Baba ya ba ta jininsa ta samu lafiya, in kuma hakan bai yi ba ta rasu a ƙarshe. Wanne ya fi?

AntiNas:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara gyara babi na 20 tun kafin ki isa can, don jinin Baba ba zai yi miki aikin da kike so ba. Idan Jidda SS ce, Mama da Baba kowannensu yana ɗauke da S, wato gadon sikila a jini, galibi AS da AS. Mai sikila kuwa jinin AA ake so a ƙara masa. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne Baba ya naɗe hannun riga a ɗakin gwaji, a ce masa nasa ba shi za a saka mata ba, sai dai a karɓa a ajiye a madadin ledar da za a fitar mata. Kuma ƙarin jini ba ya warkar da sikila. Jinin da aka ƙara ƙarewa yake yi cikin makonni, jikinta ya ci gaba da ƙera irin nasa.

Kada ki haɗa rukunin jini da jinotaif, marubuta da yawa a nan suke faɗuwa. Rukuni shi ne A, B, AB da O. Jinotaif shi ne AA, AS, SS, SC. Sannan lissafin ɗaya cikin huɗu da ake faɗa na haihuwar SS tsakanin AS da AS, a kan kowane ciki ne, ba a kan jimillar 'ya'ya ba. AS da AS za su iya haihuwar huɗu babu SS ko ɗaya, za su iya haihuwar uku a jere duk SS. Zauna ki yanke jinotaif ɗin kowane ƙanin Jidda ki rubuta a gefe, zai yi miki amfani.

Ƙwayar jini lafiyayya tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Daga nan ne gajiyar take, da ɗashewar tafin hannu, da idon da ke yin ɗorawa har a makaranta a riƙa tambayar ko shawara ce. Ciwon kuma yana zuwa ne in ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje sun toshe ƙananan hanyoyin jini, musamman na ƙashi: baya, cinya, dantse, haƙarƙari. Abubuwan da suka fi tayar da shi su ne sanyin hunturu, dukan ruwan sama, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, aikin wahala da tashin hankali. Wani lokaci kuma babu dalilin da za a kama, kuma wannan ya fi ci wa iyaye rai, saboda sai a fara neman wanda ya yi sakaci.

Gidan da ya shekara 15 da wannan ciwo ba ya ruɗewa a minti na farko. Sun san hanya. Ruwa za a fara ɗirka mata, a ba ta farasitamol ko abin da likitanta ya rubuta, a dafa ruwa a tsoma tawul a gasa wurin, a tausa a hankali, a lulluɓe ta. Ba a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi, ƙara tsuke jijiyoyin yake yi. Abin da ke sa a fita da tsakar dare neman mai Keke shi ne zafin jiki ya kai digiri 38.5, ko ciwon ƙirji da tari da numfashi sama-sama, ko ta yi fari fat ta kasa tsayuwa, ko baki ya karkace ko hannu ya saki, ko ciwon ya ƙi jin maganin gida.

A asibiti kuma kati ne, sai neman jijiya. Yarinyar da aka yi shekaru ana huda ta jijiyoyinta sun ɓuya, ana iya soka sau uku ko huɗu kafin a samu, kuma ita da kanta za ta nuna wa nas inda aka samu wancan karon. Sai ƙarin ruwa, allurar kashe ciwo, gwajin maleriya da na PCV, wato na auna yawan jini. Ga wani abu da za ki yi amfani da shi: kowane mai sikila yana da adadin da jininsa ya saba zama, sau da yawa wajen 20 zuwa 25, ƙasa sosai da na mai lafiya. Uwar da ba ta wuce firamare ba za ki ji ta ce wa sabon likita, nata 22 ne, in kun ga 15 to ya sauka. Wannan jimla ɗaya ta fi shafi uku na hawaye nuna ko wace ce Mama. Kwanciyar takan ɗauki kwana uku zuwa mako.

Tunda budurwa ce, akwai abubuwan da suka fi ciwon ƙashi damunta kuma ba ta faɗa. Girma yakan makara, ƙawayenta sun fara al'ada sun cika, ita tana nan kamar 'yar shekara 12. Fitsarin kwance yakan bi wasu har girma, saboda ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa kuma an ce su yi ta sha. Akwai gyambon idon sawu da kan yi watanni bai rufe ba, akwai lalacewar kan ƙashin ƙugu da ke sa ɗingishi. Akwai kuma azumi: addini ya yi wa mara lafiya rangwame, likita ya hana, amma yarinya mai shekara 15 ba ta son a gan ta da kofi da rana. Da yawa sukan ɗauka a ɓoye, a kwana na uku ko na huɗu a kwana a asibiti.

GwaggonLabari:

Anti ta gama da asibiti, bari in shiga gida. 'Yata, kuskurenki shi ne kin tara kowa a bakin gado. A zahiri ciwo raba mutanen gida yake yi, kowa da wurin da yake jefa shi.

Mama ce mai jinya. Tabarma take shimfiɗawa a gefen gado, da fulas ɗin ruwan zafi, da bokiti, da kular abinci. Baba ba zai kwana a ɗakin mata ba, don haka Jidda kusan ba ta ganinsa. Yana layin biyan kuɗi, yana kantin magani a waje saboda na ciki babu, yana bakin ɗakin gwaji yana kiran ƙannensa da abokan aiki su zo a gwada jininsu. In ya shigo minti biyar ne, ya tsaya daga ƙafar gado ya ce ya jikin, ya ajiye leda ya fita. Yarinya za ta iya ɗaukar wannan a matsayin rashin damuwa, mai karatu kuma ya gane ba haka ba ne. Kada ki mayar da shi mugu, kada kuma ki sa shi kuka a gaban jama'a.

Wadda ya kamata ki zauna a kanta ita ce mai bi wa Jidda. In mace ce mai shekara 12 ko 13, ranar da aka kwantar da yayarta ta zama uwar gida: ita ce girki, ita ce wankin ƙanne, ita ce kai abinci asibiti, Islamiyya kuma sai an sallamo. Ko da lafiya lau ma, ba Jidda ke wanke-wanke da asuba a hunturu ba, ba ita ake aike cikin rana ba. In an sayo ƙwai biyu ko 'yar hanta, an san bakin da za su shiga. In sun yi faɗa, ƙaramar ake duka ko da babbar ce da laifi. Wannan yarinya tana son yayarta har ranta, kuma wani lokaci tana jin haushinta, sannan ta ji kunyar haushin ta rasa wanda za ta gaya wa. Ki ba ta rana ɗaya da za ta fashe ta faɗi maganar da ba ta dawowa, irin su ai ke ciwonki ya san ranar wanki. Ki bar gidan ya yi kwana biyu da wannan magana a tsakar gida.

Sai kunyar 'yar fari, tunda kin ce ita ce ta fari. A gidaje da yawa Mama ba ta kiran sunanta, ba ta rungumarta a gaban surukai, in 'yan dubiya sun cika ɗaki ma sai ta koma gefe kamar ba tata ba. To uwar da al'ada ta ɗaure wa baki, ga 'yarta tana murƙususu, ina za ta kai abin da ke ranta? Hannunta za ki bi. Ita ce ke tashi ƙarfe uku na dare ta hura gawayi, ita ce ke taɓa ruwan da bayan hannu kafin ta tsoma tawul, ita ce ke ɗinka mata rigar sanyi da za ta shige ƙarƙashin kayan makaranta ba a gani ba. Wannan ba za ki same shi a littafin Amurka ba, inda uwa ke zama a bakin gado ta faɗi komai da baki.

Kuɗi kuma kada ki ce kawai an kashe dukiya. Bi su daki-daki yadda suke fita: albashi ya ƙare, a karɓi kwasar adashi kafin lokaci, a ci bashin mai kanti, a sayar da ɗan kunne, a sayar da tunkiyar da aka ajiye don layya. Keken ɗinki ne na ƙarshe, domin shi ke kawo na cefane. Je kantin magani ki tambayi farashin yau ki rubuta, kada ki ƙirƙira.

Kakar wajen uba za ta zo da rubutu da zuma da habbatus sauda, wata maƙwabciya ta kawo malt da madara wai yana ƙara jini, wata ta kawo sunan mai magani a ƙauye. Yawancinsu ƙauna ce ta kawo su, kuma gida ɗaya yakan haɗa tofi da asibiti ba tare da ganin karo ba. Rikicin yana tashi ne in an ce a ajiye maganin likita, ko in kaka ta ce a danginmu dai babu wannan, alhali ɗanta ma AS ne. Lissafa kuma: iyayen yarinya mai shekara 15 sun yi aure ne lokacin da gwajin jinotaif bai zama ruwan dare ba. Jihar Kano sai a 2024 ta yi dokar tilasta gwaji kafin aure. Don haka in Jidda ta tambaye su me ya sa kuka yi aure, amsar gaskiya ita ce ba su sani ba, kuma wannan amsar ba ta sanyaya zuciyar kowa.

'YarTawada:

Allah ya saka da alheri, Anti da Gwaggo. Babi na 20 ya rushe ke nan. Amma in na zuba duk wannan, ba zai koma labarin Mama da Baba ba? Matasa nake so su karanta.

MalamMaiGyara:

Zai koma, in kika bar idon Jidda. Abin da ya sa labari ya zama na matasa ba shekarun jaruma kaɗai ba ne, ta inda ake leƙen duniya ne. Duk abin da Gwaggo ta lissafa daidai ne, amma mai karatu ya same shi ta hanyar da yarinyar ta same shi. Ba ta wurin da aka yi cinikin keken ɗinki. Ta dawo daga asibiti ne ta kwanta, sai ta ji gidan ya yi shiru da hantsi, ta leƙa ta ga sawun ƙafafun keken a siminti. Ba a gaya mata bashi. Ta yi kamar barci take ta ji Baba yana waya ƙasa-ƙasa a zaure. Yara marasa lafiya gwanaye ne wajen barcin ƙarya.

Daga nan ne abin da zai tura labarin zai fito. Yarinyar da ta san nawa take ci wa gida za ta fara ɓoye ciwo. Ta ji bayanta ya fara da la'asar, ta yi shiru saboda wata bai ƙare ba, ko saboda gobe jarrabawa, ko saboda bikin ƙawa da aka yi mata alkawari. Zuwa tsakar dare abin da ruwan ɗumi zai iya kwantarwa ya zama na kwana biyar a gado, kuɗin da take gudu ya ninka. Kin ga laifinta ne kuma ba laifinta ba ne. Ki bar ta ta yi laifi na gaske ma wani lokaci: ta fake da ciwo ta guje wa aiki, ta yi wa ƙanwarta gori, ta zubar da magani a bayan gado don ta gaji da haɗiya. Waliyyiya mai murmushi a kan gado ba ta riƙe ɗan shekara 16 ya kai babi na gaba.

Game da littattafan waje da kika ambata, ɗauki darasin amma kada ki ɗauki ƙirar. Labarin ciwon daji yana da hanya miƙaƙƙiya: a gano, a yi magani, a warke ko a rasu, kuma iyalin suna koyon komai a gaban mai karatu. Sikila tun yarinya tana jaririya aka gano ta, sau da yawa bayan wata shida da kumburin hannu da ƙafa, kuma zagaye take yi. Don haka gina littafin a kan shekara guda: hunturu, zafi, damina da sauronta, azumi duk inda ya faɗo, lokacin jarrabawa. Kowane lokaci da barazanarsa, kuma gidan ya san tana tafe. A babi 30, kwanciyar asibiti huɗu ta isa, kuma kowace ta bar wani abu ya canza a gidan da ba zai koma yadda yake ba. In kin cire wata kwanciya labarin bai girgiza ba, goge ta.

Inda na ɗan saɓa da Gwaggo shi ne yawan jama'a. Gidanmu na Hausa cike yake, gaskiya ne, amma a waya ake karatun nan, babi-babi, wani bayan kwana biyu. Mutum biyar ko shida masu suna sun isa: Jidda, ƙanwar, Mama, Baba, kaka, ƙawa ɗaya. Sauran su zama 'yan dubiya. Sannan ki ba Jidda abin da take so wanda bai shafi jini ba, ko gasar muhawara, ko zane, ko wani yaro a layinsu da ba ta taɓa yi wa magana ba. In saurayi ya shigo, kada soyayyarsa ta zama magani. Tambayar da ke jiransu ita ce jinotaif ɗinsa, kuma 'yar shekara 15 mai sikila ta riga ta san wannan lissafi fiye da malamin kimiyyarsu.

AntiNas:

Na dawo kan maganar ƙarshen labari, don ban amsa ba. Ki tuna cikin masu karanta ki akwai masu SS, da yawa kuwa, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Sun sha jin ba sa kai ashirin daga bakin 'yan dubiya. Ba gaskiya ba ne, akwai masu shekara 40 da 50 da 'ya'yansu da aikinsu. In za ki kashe Jidda, ya zama labarin ne ya kai can, ba don a yi kuka a sashen sharhi ba.

Warkewa gaba ɗaya kuma akwai ta, amma ba a gidan ƙaramin ma'aikaci take sauka da sauƙi ba. Dashen ɓargo ne, an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Ana son ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda ɓargonsa ya dace, damar dacewar kowane ɗan uwa ɗaya ce cikin huɗu, kuma mai AS zai iya bayarwa. Kuɗin miliyoyi ne masu yawa, ga haɗarin rasa haihuwa. Maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ya haura dala miliyan 2. In kin kawo attajiri a babi na 28 ya biya, kin yi tatsuniya.

Abin da ke canza rayuwar gida irin wannan a zahiri ƙarami ne a ido: zuwa asibitin masu sikila a kan lokaci, folik asid kullum, maganin rigakafin maleriya da gidan sauro, da haidiroksiyuriya. Wannan na ƙarshe yana rage yawan tashin ciwo sosai, amma yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga aikinsa, ana bin sa da gwajin jini a kai a kai, kuma iyaye kan tsorata in sun karanta takardar cikin kwalin sun ga ana ba masu kansa. Wasu su daina a wata na biyu su ce bai yi ba, wasu kuɗi ya yanke. Akwai babi uku a nan kaɗai. Ki kula kuma da magungunan ƙarin jini na kanti masu sinadarin ƙarfe: wanda aka sha ƙara wa jini ƙarfe ya riga ya taru a jikinsa, ƙari cutarwa ne. Haka allurar fentazosin da ake ce wa fenta. Wasu matasa sukan koyi yi wa kansu a gida har ta kama su, cinya ta yi gyambo, su kuma masu ciwo na gaske a riƙa yi musu kallon 'yan ƙwaya in sun nemi allura.

In duk da haka mutuwar kika zaɓa, rubuta ta yadda take zuwa. Sau da yawa ba a daren ihun ba ne. A kwana na biyu ko na uku ne, ciwon ƙashi ya lafa, an fara maganar sallama, Mama ta aika gida a kawo mata kayan canji, sai tari ya fara, zazzaɓi ya dawo, numfashi ya yi gajere, a shiga neman tukunyar oksijin.